Kafa Sola a Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Fitar da Kuɗi



A 'yan kwanakin nan tambayar sola ta yawaita a wuraren da muke zaman sauraren jama'a. Wasu sun tara ɗan abin da suka samu a noma ko ƙwadago suna so su sa fitila a ɗaki. Wasu sun samu fili sun gina ɗaki ɗaya ko biyu. Wasu kuma sun riga sun saya, batir ya mutu ko shekara bai yi ba, kuɗi sun tafi. Ga wanda ya baro gida da gona ya fara daga tushe, irin wannan asara ba ƙarama ba ce. Shi ya sa muka tattaro wannan bayani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Me ya sa sola ta dace da nan

Rana dai ba mu rasa ta ba. A wannan yanki, idan aka haɗa hasken yini duka, ya kai kamar awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi. Ƙasashe da yawa da suka cika rufinsu da sola ba su samun haka. Kuma aikin ba baƙo ba ne a Nijar. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a nan jihar Maradi, kuma ya yi shekaru yana shugabantar ofishin ƙasa na binciken makamashin rana tun daga 1969. Akwai tashar sola a Malbaza tun 2018, ga kuma ta Goru Banda kusa da Yamai. Da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023, masu gidaje da yawa a birane suka koma ga sola. Kaya suka cika kasuwa, nagari da na banza a rumfa ɗaya. Mai saye ne zai bambance.

Kaya huɗu da suke aiki tare

Na farko shi ne farantin sola, wanda mutanen nan suke kira fano. Shi yake mayar da hasken rana wutar lantarki. Haske yake so, ba zafi ba. Hasali ma idan ya yi zafi sosai ƙarfinsa raguwa yake yi. Ana auna ƙarfinsa da wat.

Na biyu batir. Shi ne rumbu: abin da faranti ya samo da rana a nan ake ajiye shi don dare. Shi ya fi saurin lalacewa, kuma sau da yawa shi ya fi cin kuɗi.

Na uku kwantirola, ɗan akwatin da ke tsakanin faranti da batir. Shi ne mai gadin rumbu. Idan batir ya cika ya tsayar da caji, idan ya kusa ƙarewa ya yanke fitilu don kada a tatse shi. Masu son rage kuɗi sukan tsallake shi su haɗa faranti kai tsaye da batir. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta kashe batir.

Na huɗu inbata. Wutar batir bolt 12 ce, ita kuwa wutar gari bolt 220. Inbata ce take mayar da ta batir irin ta gari. Amma ba kowane gida ne yake buƙatarta ba. Akwai ƙwan fitila, fanka, rediyo har da talabijin masu aiki da bolt 12 kai tsaye. Ita kanta inbata tana shan wuta ko ba a jona mata komai ba. Ƙaramin gida ya fi samun sauƙi idan ya yi ba ita.

Ku yi lissafi tun a gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne a je kasuwa a ce wa mai shago, "Ba ni sola ta kuɗi kaza." Daidai shi ne ku fara sanin abin da za ku kunna da tsawon lokacin da zai yi a kunne. A jikin kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa. Ku ninka wat da yawan awoyi. Ga misalin gida mai ɗaki biyu:

Ƙwan fitila 3, kowane wat 5, awa 5 a dare: 75.
Fanka 1 mai wat 15, awa 6: 90.
Cajin babbar wayar hannu 2, kowace kamar 15: 30.
Rediyo mai wat 5, awa 3: 15.
Jimla: 210 a kowace rana.

Yanzu sai faranti. Mai wat 80, idan ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi, zai ba da 400 a lissafin takarda. Amma ƙura da zafi da wayoyi da shi kansa batir sukan cinye kusan kashi 30 cikin 100. Saura 280. Ya wuce 210, ke nan ya isa, har da ɗan rara don lokacin hazo. Kwantirola mai amfiya 10 ta ishe shi.

Sai batir. A jikinsa za ku ga an rubuta, misali, 12V 40Ah. Ku ninka 12 da 40, ya ba da 480. To amma batir na dalma, wato irin wanda aka fi samu a kasuwa, ba a shan fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe. Rabin 480 shi ne 240. Zai kai ku dare ɗaya, ba ƙari. Idan kuna so ya ɗauke ku har ranar da hadari ya rufe gari, ku nemi mai 70Ah: 840 ke nan, rabinsa 420, kwana biyu cif.

Ku lura da wannan: dutsen guga na lantarki yakan kai wat 1000. Guga ta rabin awa za ta sha 500, fiye da ninki biyu na abin da gidan duka yake sha a yini. Haka abin dafa ruwa da risho na lantarki. Duk abin da aikinsa zafi ne, ba na ƙaramar sola ba ne. Firji ma yana son tsari babba da lissafinsa daban. Mai sha'awar sana'ar ƙanƙara ko ruwan sanyi ya nemi gwani ya yi masa lissafi kafin ya sayi komai.

A kasuwa

Hausawa suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ku tambayi shago uku kafin ku biya, kuma ku tafi da wanda ya san aikin, da mitar auna wuta a hannunsa.

Takardar da aka manna a bayan faranti ba hujja ba ce, kowa yana iya buga ta. Girman farantin ya fi ta gaskiya. Faranti mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ba ya wuce wat 200 da 'yan kai. Idan aka nuna muku wanda bai kai rabin haka ba aka ce wat 300 ne, ku yi gaba. A fitar da shi rana a auna. Faranti na tsarin bolt 12, idan ba a jona shi da komai ba, yakan nuna kusan bolt 20 zuwa 22. Mai wat 80 kuma ya kamata ya nuna amfiya 4 zuwa 5 da tsakar rana mai haske. Ku duba gilashin da kyau kada ya kasance da tsaga, ko tabo kamar na ƙuna.

Batir kuwa ku ɗaga shi ku ji. Dalma tana da nauyi: mai 100Ah yakan kai kusan kilo 30. Idan yaro zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya, abin da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne. Cikakken batir da ke ajiye yakan nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. Wanda ya nuna ƙasa da 12 a shago ya daɗe a kwance, ku bar shi. Kada ku sayi batirin mota. An yi shi ne don ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba don a sha shi dare duka ba. Akwai kuma batir na litiyam: bai da nauyi, ya fi daɗewa, ana iya shan mafi yawansa, amma ya fi tsada, kuma sai da kwantirolar da ta dace da shi.

Wayar wuta ta zama ta jan ƙarfe zalla. Ku kankare bakinta da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ciki, sanholo ne aka shafa wa ja. Tsakanin faranti da kwantirola da batir a sa mai kauri, lamba 4, kuma a gajarta ta iya yiwuwa. Siririyar waya mai tsawo tana zubar da wuta a hanya, tana kuma yin zafi.

Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, irin kayan da tsawon garanti. Idan biya sannu a hankali ne, ku sa a faɗa muku jimlar abin da za ku biya har ƙarshe, da abin da zai faru idan kuka makara. Wasu na'urorin kulle kansu suke yi idan ba a biya ba. A nan muna jan kunne sosai: kada ku ba kowa katinku na ɗan gudun hijira ko katin karɓar abinci a matsayin jingina. Kuma duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunanku a jerin waɗanda za a raba wa sola, maƙaryaci ne. Taimakon hukuma kyauta ne, ba a sayen layi.

Inda za a kafa faranti

Mu nan muna arewa da tsakiyar duniya, don haka a mafi yawan shekara rana takan karkata ta kudu. Fuskar faranti ta dubi kudu. Idan kuka fuskanci gabas, kudu yana hannunku na dama. A ɗan jingina shi, kada ya kwanta shamal: a kowace mita ɗaya ta tsawonsa, gefen arewa ya ɗara na kudu tsayi da kamar santimita 25, wato taƙi guda da 'yan yatsu. Jinginar tana sa ya fi samun rana, ruwan sama kuma ya wanke ƙura ya gangara.

Inuwa ita ce babbar abokiyar gaba. 'Yan murabba'an da kuke gani a fuskar faranti a jere suke, wuta tana bi daga wannan zuwa wancan kamar ruwa a magudanar lambu. Idan aka toshe wuri ɗaya, na gaba duka sun rasa. Don haka inuwar reshen darbejiya guda, ko ta sandar eriya, ko zanen da aka shanya, tana iya rage ƙarfin da yawa fiye da yadda ido yake gani. Ku lura da wurin da hantsi, da tsakar rana, da la'asar kafin a kafa.

Kada a manna faranti a jikin kwano. A bar tazarar kamar faɗin tafin hannu don iska ta bi ta ƙarƙashi ta sanyaya shi. A ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, ƙarfen kuma a jikin katakon rufi, ba a kwanon kawai ba. Duk mun san iskar farkon damina. Farantin da aka danne da bulo ko dutse, ranar da ta taso zai tashi, ya fashe, ko ya faɗo wa wani. Duk ramin da aka huda a kwano a toshe shi da kyau saboda yoyo.

Idan ɗakin na zana ne, ko tanti, ko soro wanda azararsa ta tsufa, kada a ɗora masa nauyi. A kafa sandar ƙarfe a tsakar gida da siminti, ta wuce tsayin yara da awaki. Wasu masu ƙaramin faranti sukan fitar da shi da safe su shigar da shi da magariba saboda ɓarayi. Hakan ma ya yi, in dai ba a jan wayar har ta tsinke.

Yadda ake haɗawa

Mun faɗi wannan ne ba don kowa ya haɗa da kansa ba, sai don ku iya lura da mai aikin. Jar waya tana zuwa kan da ke da alamar +, baƙa kuma kan da ke da alamar −. Batir ake fara jonawa da kwantirola, sannan faranti, sannan fitilu. Wajen kwancewa kuwa faranti ake fara cirewa, batir ya zama na ƙarshe. Idan aka juya tsarin, kwantirola tana iya ƙonewa. Inbata, in akwai, a batir ake jona ta kai tsaye da waya mai kauri.

Dole a sa fis a jar waya, dab da batir. Kuɗinsa kaɗan ne, amma shi ne zai tsinke idan wayoyi suka haɗu, maimakon ɗaki ya kama wuta. Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma batir yana iya narkar da waya cikin ƙiftawar ido. A unguwar da ɗakunan zana suke manne da juna, gobarar gida ɗaya ta kowa ce. Kada a yarda da haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Wutar da ta fito daga inbata kuwa bolt 220 ce, tana kisa kamar ta gari.

Wanda gidansa yake da wutar NIGELEC, lalle a sa masa makunnin sauyi wanda zai raba wutar gari da ta sola. In ba haka ba, wutar inbata tana iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ya hau turke yana zaton an ɗauke wuta.

Idan gidan ba naku ba ne

Da yawa daga cikin waɗanda ke gefen gari haya suke yi, ko kuma wani bawan Allah ya ba su aron ɗaki. Kafin a huda rufin mutum a nemi izininsa. A kuma rubuta, a gaban mai unguwa ko shaidu biyu, cewa faranti da batir da kwantirola naku ne, kuma duk ranar da za ku tashi za ku kwance abinku ku toshe ramukan. Idan kun haɗa kuɗi da maƙwabta, a rubuta abin da kowa ya sa, da wanda zai sayi sabon batir idan wannan ya mutu. Idan uwargida ce ta saya da kuɗin adashinta, sunanta za a rubuta a rasit. Magana ta baki tana da daɗi ranar da ake shiri, takarda kuwa ranar saɓani ake neman ta. Wanda yake da niyyar komawa gida idan hali ya yi, ya zaɓi tsarin da za a iya kwancewa a ɗora a amalanke.

Kulawa ta yau da kullum

Lokacin hunturu a goge faranti sau biyu ko uku a mako da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Kada a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana, kada kuma a kankare shi da yashi ko soson ƙarfe. Hawa rufi aikin babba ne, ba na yara ba.

Batir ya zauna a inuwa, wurin da iska ke shiga, a kan katako, nesa da murhu da inda yara suke wasa. Zafi yana rage masa kwana ƙwarai. Irin wanda ake buɗe murfinsa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a kunna ashana ko taba kusa da shi, kuma bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mutane ba. A duba ruwansa duk wata. Idan ya ragu, tataccen ruwa na musamman ake ƙarawa, ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba. Ku bambance wa mai shago, domin duka biyun wasu "ruwan batir" suke ce musu. Idan kwantirola ta yanke wuta da dare, kada a tsallake ta a jona fitila a kan batir. Tana gaya muku ne rumbu ya yi ƙasa.

Idan ruwan cikin batir ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti. Idan waya ta kama wuta, a fitar da yara, a cire haɗin batir in da hali, a zuba yashi.

Tsohon batir guba ne

'Yan uwanmu mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai. Kada a fasa tsohon batir a gida, kada a narkar da dalmarsa, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a mayar da kwankonsa mazubin ruwa ko na abincin kaji. A mayar da shi a rufe ga masu sayar da batir. Da yawansu sukan karɓa su rage kuɗin sabo.

Fitila ɗaya a ƙofar ɗaki da wata a hanyar bayan gida tana sa mata da yara su fita da dare hankali kwance, ɗalibi ya yi bitar karatunsa, waya kuma ta kasance da caji ranar da ake jiran labarin gida. Wanda ƙarfinsa bai kai na cikakken tsari ba, ya fara da fitilar hannu ta sola mai cajin waya, daga baya ya ƙara. Wanda aka karɓe wa kati, ko aka nemi kuɗi a hannunsa da sunan rabon sola, ko yake da saɓani da mai gidan haya kan kayansa, ya zo ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira ko ya sanar da wakilin unguwarsa. Za a saurare shi da Hausa, kuma maganarsa ba za ta fita ba.